Isma'ila Adham na Iskandariyya: Mahaddacin da Ya Shelanta Ilhadi

 

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, a wannan fili mun saba kawo muku tarihin malamai da mujaddadai domin koyi da su. Wanda za mu ba ku labarinsa yau ba ya cikin wannan sahu. Abin da ya sa muka ɗauko shi, iyaye a nan Gure sun sha tarar mu bayan salla da kukan cewa ɗansu da ke lise ya komo gida da zancen wani Bature mai suna Darwin, yana tambayoyin da uban bai da amsarsu sai tsawa. Kusan shekara ɗari da suka wuce an yi wani uba a ƙasar Masar da ya amsa wa ɗansa da irin wannan tsawa, kuma yana da kyau mu san yadda abin ya ƙare.

An haifi Isma'ila Ahmad Adham a birnin Iskandariyya a shekarar 1911. Labarin ƙuruciyarsa daga alƙalaminsa aka samo shi, don haka yadda ya faɗa za mu kawo. Mahaifinsa Baturke ne, hafsan soja, Musulmi mai tsanani. Mahaifiyarsa Bajamushiya ce Kirista, ta rasu yana ɗan shekara 2. Yayyensa mata biyu suka rene shi, suna tafiya da shi coci ranar Lahadi. Shi kuwa uban yaƙi ya ɗauke masa hankali, sai ya damƙa tarbiyyar yaron ta addini ga mijin gwaggonsa. Wannan mutum ya riƙa kai shi sallar Juma'a, ya tilasta masa azumi da tarawihi tun ƙashinsa bai yi ƙwari ba, ya sa shi hadda har ya haddace Alƙur'ani yana ɗan shekara 10.

A ƙasarmu da yaro ya yi haka, da an yanka rago an tara dangi. Amma Isma'ila ya ce shi ya fito daga haddar nan da haushin Littafin a zuciyarsa, saboda wahalar da ya sha a kansa a lokacin da sa'o'insa ke wasa. An cika masa kai da lafazi, ba a taɓa zaunar da shi an buɗe masa ma'ana ba. An kuma hana shi fita ya cuɗanya da yara. Ƙofa guda ce aka manta ba a kulle ba, ita ce ta ɗakin littattafan mahaifinsa, kuma a can ya ci karo da Darwin tun bai wuce shekara 13 ba.

A nan dole mu ɗan tsaya mu yi bayanin abin da ya karanta, domin da yawa daga cikinmu sunan kawai muke ji. Charles Darwin mutumin Ingila ne, an haife shi a 1809, ya mutu a 1882. Ya yi karatu a jami'ar Kembirij da niyyar zama limamin coci, sannan ya shiga jirgin ruwa ya zagaya duniya daga 1831 zuwa 1836 yana tattara tsirrai da ƙwari da ƙasusuwan dabbobin da suka ƙare. A 1859 ya fitar da littafinsa kan asalin jinsunan halittu, wanda Larabawa ke kira Aslul Anwa'i. Ya soma hujjarsa da abin da kowane makiyayi a kasuwar Gure ya sani: in kana zaɓen ragon da zai yi barbara shekara da shekaru, garkenka zai canza kama. Sai ya ce a daji ma akwai irin wannan zaɓe ba tare da makiyayi ba. Ƴaƴa suna bambanta da juna, ana haifar fiye da waɗanda abinci zai isa, waɗanda siffarsu ta dace da wurin su ne ke rayuwa su hayayyafa, kuma in zamani ya yi tsawo ƙwarai jinsi yakan sauya har ya rabu biyu. Wani ɓangare na wannan mun gan shi da idonmu: kulorokin da ke warkar da zazzaɓin cizon sauro a da ta daina aiki, saboda ƙwayoyin cutar da suka jure mata su ne suka yaɗu. A 1871 ya faɗaɗa maganar ta haɗa da ɗan Adam, ya ce mutum da birai kakansu ɗaya a can zamani mai nisa. Nan ne maganarsa ta zo inda muke da nassi, domin halittar Annabi Adamu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, Alƙur'ani ya ba da labarinta, kuma a kansa muke.

Abin lura shi ne Darwin da kansa, ko da yake imaninsa na Kirista ya zube, ya rubuta a wata wasiƙa a 1879 cewa bai taɓa zama mai musun samuwar Ubangiji ba, matsayinsa na mai shakka ne. Malaman Musulunci kuma ba su jira aka haifi Isma'ila ba kafin su duba lamarin. Sayyid Jamaluddin Afgani ya yi raddi mai zafi ga Dahariyyawa a 1881. Shehu Husaini Jisr na Tarabulus ta ƙasar Sham ya fitar da Risalatul Hamidiyya a 1888, ya bi hujjojin nazariyyar dalla-dalla, ya ce a ganinsa ba su kai yaƙini ba, ya kuma nuna cewa ko da sauyawar jinsuna ta tabbata ba ta kore Mahalicci, tunda Mai halitta farat ɗaya yana da ikon halitta daki-daki. Littattafan nan suna nan da Larabci lokacin da yaron ke cikin ruɗu. Ba a sami wanda ya miƙa masa su ba.

Abin da ya samu daga mahaifinsa daban ne. Ya ce wata rana uban ya matsa masa a kan salla, sai ya buɗe baki ya gaya masa shi bai yi imani ba, shi mabiyin Darwin ne. Uban ya tura shi makarantar kwana a Alƙahira domin ya raba shi da karance-karance. Ashe an jefa kifi a ruwa ne: ranakun hutu sai yaron ya tafi babban ɗakin karatu na Darul Kutub ya wuni.

Da ya girma ya zama marubuci mai kaifin alƙalami. Ya yi nazari a kan manyan adibai irin su Ɗaha Husaini da Taufiƙul Hakim da Khalil Muɗran, mujallun Masar suna buga rubutunsa. Ya riƙa gabatar da kansa a matsayin dakta a ilmin lissafi daga Mosko ta ƙasar Rasha, mutane suka karɓa. Sai a 1972 wani masani ɗan ƙasar Holand mai suna Juynboll ya bi diddigi ya nuna cewa digirin nan da muƙaman da ya jingina wa kansa ba su da tushe. Mu a wurinmu wannan abin tausayi ne kafin ya zama abin zargi: saurayi mai hazaƙa irin tasa bai yarda za a saurare shi ba sai ya ari rigar da ba tasa ba.

A 1937 abokinsa Dakta Ahmad Zaki Abu Shadi, likita kuma mawaƙi, ya yi rubutu a kan aƙidar samuwar Allah. Isma'ila ya mayar masa da ƴar risala mai suna Limaza Ana Mulhid, wato dalilin da ya sa ya zama mulhidi. A cikinta ne ya ba da labarin ƙuruciyar da muka kawo. Hujjarsa ta ƙarshe ma ba daga Darwin ya ɗauko ta ba, daga lissafin dace ya ɗauko ta. Ya kwatanta duniya da maɗaba'a mai cike da miliyoyin haruffa, ya ce in aka yi ta girgiza su ba iyaka, wata rana za su jeru su zama littafi da kansu. Mai sauraro a masallaci ma zai iya tambayarsa: to, wa ya ƙera haruffan, wa ya sa musu dokar da suke jeruwa a kanta?

Yadda aka karɓi risalar ya cancanci mu duba. Ba a ɗaure shi ba, ba a far masa a hanya ba. Abu Shadi ya amsa da tasa risalar a kan dalilin da ya sa shi mumini ne. Ustaz Muhammad Farid Wajdi, shugaban Mujallar Azhar kuma mai kundin ilmin nan mai juzu'i 10, ya ɗauki hujjojin saurayin ɗaya bayan ɗaya yana warware su da harshen ilmin zamani, cikin ladabi. Wannan ita ce zantawar da ya kamata a yi da shi yana ɗan shekara 13. An yi ta yana da 26, bayan ya riga ya sa sunansa a kan matsayinsa a gaban duniya, kuma komawa baya ta yi masa nauyi.

Shekara uku kawai ya ƙara. Ranar 23 ga watan Yuli na 1940 aka tsamo gawarsa daga teku a gaɓar Iskandariyya, yana da shekara 29. A aljihun kwat ɗinsa an sami takarda zuwa ga mai gabatar da ƙara, inda ya bayyana cewa shi ya kashe kansa saboda ya gaji da rayuwa, ya kuma nemi kada a rufe shi a maƙabartar Musulmi.