Alhaji Abubakar Imam: malamin makarantar da kujerar majalisa ta kai shi filin Arfa



Duk shekarar da lokacin hajji ya zo kusa da lokacin siyasa, hira biyu ce ke tashi a ƙofar masallatanmu, daga Nima da Mamobi har Aboabo da Tamale: wa ya samu kujerar Makka bana, wa kuma zai tsaya zaɓen fid da gwani na jam'iyya. Sau da yawa hirar biyu ɗaya ce, don kowa ya san yadda mai neman takara ke zaɓar liman ɗaya ko magajiya ɗaya ya biya mata kujera, sauran jama'a su yi ta sa masa albarka har ranar ƙuri'a. Bana ma akwai malaman makaranta cikin 'ya'yanmu da suka yanki fom. Saboda su muka ɗauko tarihin wani malamin makaranta da ya riga su shiga wannan hanya da fiye da shekara saba'in, ya kuma haɗa kujerar majalisa da ta Makka ta wata fuska dabam.

Dattawanmu sun san sunansa ko da ba su san fuskarsa ba. Shi ne Abubakar Imam, mai Magana Jari Ce, littafin nan na aku mai bakin labari da ya zama waziri. An haife shi a 1911 a Kagara, cikin jihar Neja ta Najeriya ta yau. Gidansu gidan malamai ne da alƙalai. Ya fara da allo kamar kowannenmu, sannan ya bi wansa Malam Bello Kagara zuwa Katsina, ya shiga Kwalejin Katsina a 1927, ya fito a 1932 da takardar koyarwa, aka ba shi aji a Midil ta Katsina. Yana wannan aiki ne, yana ɗan shekara 22, Baturen nan Rupert East ya sa gasar rubuta littattafan hira da Hausa a 1933. Imam ya aika da Ruwan Bagaja, wansa Bello ya aika da Ganɗoki, wani malamin makaranta daga Bauchi mai suna Abubakar Tafawa Ɓalewa ya aika da Shaihu Umar. Abin da ke ba mu dariya shi ne, tauraron Ruwan Bagaja sunansa Alhaji Imam, alhali marubucin bai taɓa ganin ko tekun Jidda ba. Sai da ya yi shekara ashirin kafin ya cancanci sunan da ya ba yaron littafinsa.

East ya ja shi Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce littafi uku. A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, shi ne editanta na Hausa, ya riƙe ta shekara goma sha biyu. A wurinsa jarida ma aji ce, sai dai ɗalibansa sun yi yawa: malamai, 'yan kasuwa, sojojin da aka kai Bama lokacin yaƙin Hitila, da duk wanda zai iya haɗa baƙi ya karanta wa maƙwabtansa.

A 1943, ana tsakiyar yaƙi, ya bi ayarin editocin Afirka ta Yamma zuwa Ingila, har da na ƙasarmu, wadda a lokacin ake kira Gold Coast. Can Nnamdi Azikiwe ya rubuta takardar neman a sa ranar mulkin kai, ya ce kowa ya sa hannu. Imam ya ƙi. Hujjarsa ita ce Arewa ba ta da 'yan boko da za su riƙe ofisoshi, idan aka yi gaggawa wasu ne za su riƙe mata. Mutane da yawa ba su yafe masa wannan ba, kuma 'yan NEPU daga baya sun riƙa kallon jaridarsa a matsayin bakin gwamnati. Ba za mu wanke shi tas ba, jaridar ta gwamnati ce. Amma shi ɗin ne kuma ya zauna da tsohon gwamna Lugga a Ingila ya zayyana masa yadda mulkin En'e ke danne talaka da ɗan makaranta, ya biyo shi da wasiƙu a kan haka.

Yanzu ga maganar zaɓe, don nan ne samarinmu za su fi son ji. Imam na cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940, tana ƙungiyar raya al'ada ta ma'aikata da malamai. A watan Oktoba na 1951 ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa, wato NPC, daidai lokacin da ake zaɓen farko na Majalisar Dokokin Arewa a ƙarƙashin tsarin mulkin Gwamna Macpherson. Zaɓen nan ba irin namu ba ne na akwati ɗaya rana ɗaya. Tsani ne. Maza masu biyan haraji su taru a unguwa ko ƙauye su fid da wakilai, waɗannan su hau mataki na gaba su sake fid da wasu a cikinsu, a yi ta tacewa har a kai taron ƙarshe na lardi, wanda shi ne zai zaɓi 'yan majalisa. Mata ba su da ƙuri'a sam. A matakin ƙarshe kuma En'e na da ikon cusa nata mutanen, kashi goma cikin ɗari, waɗanda ba wanda ya zaɓe su a ƙasa. Wanda ya taɓa tsayawa fid da gwani a nan, ya ga yadda deliget ke kwana naka su tashi na wani, ya san irin wannan tsani. Jam'iyyar NEPU ta su Malam Aminu Kano, shi ma malamin makaranta, ta yi rawar gani a matakan farko a birnin Kano, amma da aka kai ƙarshe ko kujera ɗaya ba ta samu ba.

Imam ya haye tsanin. Ya ajiye aikin edita, ya shiga majalisar da ke zama a Lugard Hall a Kaduna, daga nan kuma aka sa shi cikin mutum 68 da Arewa ta tura Majalisar Wakilai a Legas. Gaskiya ce tsarin ya fi yi wa irinsa sauƙi fiye da irin Malam Aminu, don sarakuna ba sa jin tsoronsa. Abin dubawa shi ne me ya yi da kujerar bayan ya same ta.

Sai mun tuna yadda hajji yake a wancan zamani kafin a gane. Kakanninmu da suka tashi daga Salaga ko Kumasi ko Sabon Zango na Ankara, yawancinsu ta ƙasa suke bi. A isa Kano, a wuce Barno, a ƙetare zuwa Fort Lamy, wadda ake kira Njamena yau, a bi ta Abeshe da Alfashir har El Obeid inda jirgin ƙasa yake, sannan bakin Bahar Maliya a Sawakin, a hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Guzuri kan ƙare a hanya. Mutum ya tsaya tsinkar auduga a gonakin Jazira na Sudan shekara biyu, shekara biyar, wani ya yi aure can ya haihu, wani kabarinsa ne kawai ya rage a gefen hanya. Kusan kowane tsohon gida a zango akwai sunan wani da ya tafi gabas ba a sake jin ɗuriyarsa ba. A 1948 su Alhaji Mahmud Ɗantata suka kafa kamfanin jigilar alhazai na WAPA a Kano, motoci da jiragen sama suka fara rage tsawon tafiya. Amma wanda ya sauka Jidda ba shi da kowa. Fasfo ɗinsa na Ingila ne, harshensa Hausa, kuɗinsa a hannun ɗan canji, makwancinsa a hannun muɗawwafi. In ya yi ciwo ko aka cuce shi, babu ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

A zaman kasafin kuɗi na farkon 1953, Imam ya miƙe a majalisar Legas ya kawo ƙuduri cewa a buɗe ofishin Najeriya a Jidda don kula da alhazai. Ku duba lokacin. A ƙarshen watan Maris na shekarar ne Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956, majalisa ta hargitse, aka yi wa wakilan Arewa ihu a titunan Legas, a watan Mayu kuma aka zub da jini a Kano. Kowa hankalinsa na kan wa zai mulki wa. A cikin wannan ƙura ne mutum ɗaya ya tuna da tsohuwar da ke kwance a rana a Jidda. Majalisa ta karɓi ƙudurin da ɗan gyara, ta ce ya kawo bayanin yadda za a yi.

A nan ne muka fi ganin malamin makaranta a jikinsa. Ya kawo maganar ne bisa abin da ya ji daga bakin masu dawowa, shi kansa bai taɓa zuwa ba, kuma bai yarda ya rubuta darasin da bai karanta ba. Sai ya ɗaura niyya ya tafi hajjin shekarar.

Hajjin 1953 ya faɗo a watan Agusta, tsakiyar zafin Hijaz, 'yan watanni kafin rasuwar Sarki Abdul'aziz. Alhazanmu na yanzu da suka san Arfa da bishiyoyin darbejiya, da bututun da ke fesa ruwa, da jirgin ƙasan da ke kai mutum Muzdalifa da Mina, su cire duk wannan daga ransu. Fili ne fetal kamar kilomita ashirin daga Makka, ga Dutsen Rahama, ga masallacin Namira, ga tantunan zane ga mai hali, ruwa kuma sai an saya ko an nema. Dole kowa ya tsaya nan daga gushewar rana har faɗuwarta, don wanda ya rasa Arfa ya rasa hajji, ko da shekara bakwai ya yi a hanya. Ɗan majalisa da takarin da ya zo a ƙafa duk zane biyu ne a jikinsu. A ofishin Legas ana iya ƙidaya alhazan da suka zo da takarda, 'yan ɗaruruwa ne a shekarar. A Arfa kuwa har waɗanda ba sa cikin kowane littafi suna nan tsaye.

Ya dawo, a watan Satumba ya miƙa rahotonsa. Abubuwan da ya nema su ke nuna abin da idonsa ya gani: a naɗa jami'in da zai riƙa raka alhazai kowace shekara, hukumomin Saudiyya su san da zamansa, a buɗe ɗakin shan magani, a tanadi masauki a Makka da Madina, a duba yadda ake canjin kuɗi da kuɗaɗen da ake karɓa a hannun mahajjata. Ba wani abu mai ƙyalli a ciki. Irin lissafin da hedimasta ke yi ne kafin ya fita da yara: wa zai riƙe su, ina za su kwana, in wani ya faɗi wa zai ɗauke shi.

Gwamnati ba ta yi duka a rana ɗaya ba, gwamnati ce. Amma a 1955 Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya je da kansa ya ga halin da ake ciki, daga nan maganar alhazai ta zama aikin hukuma. Yankin Yamma ya kafa hukumar jin daɗin alhazai a 1958, aka kafa ta ƙasa baki ɗaya a 1975, ita ce kakar NAHCON ta yau. Mu ma a nan, duk wanda ya taɓa kwana a sansanin alhazai na Ankara ya ga likita da jami'in da ke riƙe da jerin sunaye, irin tsarin nan ne yake gani, ko da namu ya biyo tasa hanyar. Mun san har yau akwai kuka a kan kuɗin kujera da waɗanda ake bari a baya bayan sun biya. Sai dai yanzu akwai wanda za a riƙe wa riga.

Imam bai daɗe a siyasa ba. A 1954 ya bar majalisa ya koma Zariya wajen aikin littattafai a hukumar NORLA, lokacin da ake yaƙi da jahilci a Arewa. Abokan karatunsa da na koyarwa suka zama ministoci, Tafawa Ɓalewa ya zama Firayim Minista, shi kuwa daga baya aka sa shi a hukumar ɗaukar ma'aikatan gwamnatin Arewa, har ya shugabance ta. Bai daina rubutu ba. Ya yi littattafai a kan tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da tarihin Musulunci, da ɗaya a kan hajji mai suna Haji Mabuɗin Ilmi.

Ya rasu a Zariya a watan Yuni na 1981, yana da shekara 70. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan namu da suka kwanta a hanyar gabas. Malamanmu da suka yanki fom bana, idan kun zo gaisuwa wajen sarakunan zango da limamai, dattawa sun ce za su tambaye ku wace matsala ce tamu kuka je kuka gani da idonku, ko asibitin unguwa, ko magudanar ruwa, ko makarantar da yaranmu ke zaune a ƙasa.