FADA TANSI: LIMAMIN KATOLIKA DA YA MAI DA WA'AZINSA AIKI

Daga Wakilinmu a Bauchi

Ranar 20 ga watan Janairu ta kowace shekara, mabiya ɗarikar Roman Katolika ko'ina cikin Nijeriya sukan yi addu'a ta musamman don tunawa da wani limaminsu, Fada Cyprian Michael Iwene Tansi, wanda ya rasu a wannan rana cikin 1964. A babbar majami'ar St. John ta Bauchi kuwa ranar tana da nauyi biyu, gama Bishop ɗinsu na farko, John Moore, mutumin ƙasar Ailan, shi ma ran 20 ga Janairu ya rasu, cikin 2010.

'Yan'uwanmu 'yan Arewa da ke neman abinci a Anacha da Inugu da sauran garuruwan Ibo, har ma da na Ikko, ba za su rasa cin karo da sunan Tansi ba. Akwai shi a allunan makarantu da majami'u, akwai ma jami'a mai sunansa a Jihar Anambra, ga kuma hotonsa da akan maƙala a rumfunan kasuwa. Da yawa sukan wuce ba su san ko wane ne ba. To, wanda ya zauna cikin mutane ya kamata ya san wanda suke girmamawa, ya kuma san dalili.

An haifi Tansi cikin watan Satumba 1903 a wani ƙauye kusa da Aguleri, a bakin kogin Anambra. Mahaifinsa Tabansi manomi ne, talaka, mai bin addinin gargajiya. Turawan kamfanin Royal Niger, watau kamfanin da ya riƙe bakin Kwara kafin zuwan Gwamna Lugga, sun taɓa kama shi suka tsare. Da ya fito aka haifa masa ɗa, sai ya raɗa masa suna Iwene, wanda ma'anarsa roƙo ce kada ƙiyayyar mutane ta kashe shi. Aka sa yaron makarantar mishan a hannun wani ɗan'uwansu malami, aka yi masa baftisma yana da shekara tara, aka ba shi suna Michael. Tun yana yaro ya rasa ganin ido ɗaya wajen wasan jifa da laka, da ido ɗayan nan kuwa ya yi dukan karatunsa.

Yana da shekara 16 ya fara koyarwa. Ya koyar a makarantar Holy Trinity ta Anacha, daga baya ya koma Aguleri ya zama hedimasta. A zamanin nan hedimasta babban mutum ne a ƙasar Ibo, ga albashi, ga girma, dangi duk sun zuba masa ido.

Cikin waɗannan shekaru ne aka yi masa babban rashi. Yara suka yi ta mutuwa a ƙauyensu, aka je wurin boka, boka ya ce mahaifiyar Tansi ce. Aka tilasta mata shan guba, irin abin da akan yi da gwaska a wasu wurare a da, ta mutu. Ba a ji ya nemi fansa kan kowa ba. Amma duk wanda ya duba yadda ya tsaya daga baya a kan sha'anin mata da gwauraye da waɗanda gari ya ƙi, ya san abin bai taɓa barin zuciyarsa ba.

Cikin 1925 ya ajiye aikin hedimasta ya shiga makarantar horar da limaman Katolika ta Igbariam. Danginsa ba su so ba ko kaɗan, gama limamin Katolika ba ya aure, ba ya haihuwa, kuma ba ya tara wa gida dukiya. Shekara goma sha biyu ya yi ana horar da shi, ana kuma tura shi ƙauyuka aiki. Ran 19 ga Disamba 1937 Bishop Charles Heerey ya naɗa shi Fada a babbar majami'ar Anacha. A lokacin limaman Katolika 'yan ƙasa ba su wuce a ƙirga su da yatsu ba. Na farko cikin Ibo, Fada John Anyogu, sai 1930 aka naɗa shi, kuma a ƙarƙashinsa Tansi ya fara aiki a Nnewi.

AIKINSA A ƘAUYUKA

Daga Nnewi aka kai shi Dunukofia, daga nan Akpu, sa'an nan garinsu Aguleri. Shekara goma sha uku ke nan duka duka, amma su ne suka kafa sunansa.

Linjila ta umurci Kirista ya ciyar da mai yunwa, ya tufatar da huntu, ya duba mara lafiya, ta kuma ce abin da mutum ya yi wa mafi ƙasƙanci cikin jama'a, Ubangijinsa ya yi wa. Kowane Fada yakan karanta wannan a coci ran Lahadi. Abin da ya bambanta Tansi shi ne ya ɗauki maganar yadda take, ya fara da kansa. Ɗakinsa na laka ne kamar na kowa. Abincinsa bai kai na talakan ƙauyen ba, 'yar doya kaɗan, sauran ya ba marayun da ya tara a gidansa. In aka kawo masa kyautar kaji ko ƙwai ko doya, kafin dare sun koma hannun mabukata. Kutare da mutane ke gudu, shi yakan je wurinsu.

In za a gina makaranta ko majami'a, ba ya tsayawa a inuwa yana nuni da sanda. Yakan naɗe riga ya shiga kwaɓa ƙasa da ƙafa tare da jama'a, ya yi tubali, ya ɗauki kaya. Ƙasar da aka ba shi tana da faɗi, ƙauyuka barkatai cikin kurmi, yakan zaga su a ƙasa ko a keke, daga baya a wani tsohon babur da ya cika lalacewa a hanya. Mai karatu ya tuna, a lokacin nan ɗan ƙasa da ya sami ilmin boko burinsa ya zauna kamar Bature, da kuku da boyi. Tansi yana da halin yin haka, ya ƙi.

Akwai wata al'ada a ƙasar Ibo da ake kira osu. Mutanen da aka keɓe kakanninsu ga gunki ke nan, su da zuriyarsu har abada. Ba a aurensu, ba a ba su aure, ba a cuɗanya da su yadda ake yi da sauran mutane. Tansi ya yi ta faɗa a fili cewa wannan ba shi da wuri cikin addinin da ya ce mutane duka 'yan'uwa ne. Haka kuma kurmin da ake tsoro, inda akan jefar da gawar waɗanda aka ce sun yi mummunar mutuwa, yakan shiga shi kaɗai ya fito lafiya, don mutane su gani da idonsu.

Inda ya fi ba da ƙarfi shi ne sha'anin mata da aure. A lokacin yarinya takan koma gidan mijin da aka yi mata tun ba a gama biyan sadaki ba, tun ba a ɗaura aure ba, ta yi ta bauta, in namijin ya ga dama ya kore ta. Tansi ya buɗe gidajen horo inda 'yan matan da aka yi wa baiko za su zauna har ranar aure, ana koya musu ɗinki da girki da tsabta da renon yara da addini. Ya kuma matsa wa samari su ɗaura aure sosai kafin su ɗauki mace. Yakan tsawata wa mazan da ke ɗaukar matansu kamar kayan gida.

Wata rana wasu maza suka tare wata mace daga cikin mabiyansa suna dukanta, tana ramawa. Sai ga Fada Tansi a kan kekensa. Ya sauka ya shiga faɗan, har suka gudu. Bai tsaya nan ba, ya ƙarfafa ta ta kai su kotu. Ta kai, ta yi nasara, aka sa kowannensu ya biya ta fam huɗu. Fam huɗu a zamanin nan ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma mace ta kai ƙartin gari gaban alƙali ta ci su, wannan ya fi kuɗin zafi.

Sai dai kada a ɗauka mutum ne mai sanyi. Yana da tsanani ƙwarai. Tun yana malami an san shi da horo mai zafi, da ya zama Fada kuma bai sassauta ba. Ya yi gaba da dodanni da bukukuwan gargajiya, bai cika rarrabe mai cutarwa da wanda wasa ne kurum ba, kuma akwai iyaye da samari da suka ji haushin yadda yake shiga tsakaninsu da 'ya'yansu. A wannan fanni ya yi kama da Turawan mishan da suka koyar da shi. Abin da ya sa mutane suka jure masa shi ne ba ya ɗora wa kowa kayan da shi bai ɗauki wanda ya fi shi nauyi ba.

Yara da yawa da suka tashi a hannunsa sun zama limamai. Ɗaya daga cikinsu wani yaro ne daga Eziowelle da ya yi wa baftisma cikin 1941, yana da shekara tara. Shi ne Francis Arinze, wanda ya zama Babban Bishop na Anacha cikin 1967, ya zama Kadinal cikin 1985, ya kuma shugabanci ofishin fadar Paparoma mai kula da hulɗa da sauran addinai har zuwa 2002. Daga ofishin nan ne akan aiko wa Musulmin duniya gaisuwar ƙaramar Salla kowace shekara.

BAƘUNCI A INGILA

Bishop Heerey yana so a kafa gidan 'yan zuhudu a ƙasarsa, watau mutanen da ke janye jiki daga duniya su zauna wuri ɗaya, ba abin da suke yi sai addu'a da aikin hannu. Ya nemi wanda za a tura ya koyo, Tansi ya ce shi zai je. Cikin 1950 ya bi ta Roma ya isa gidan 'yan zuhudu na Mount Saint Bernard, kusa da birnin Lesta a Ingila. Wani abokin aikinsa, Fada Clement Ulogu, ya bi shi daga baya.

A wancan lokaci dokar gidan mai wuya ce. Ba a cin nama, ba a hira sai da alamar hannu, ana tashi addu'a tun cikin tsakar dare, ga sanyin Ingila ga mutumin da ya girma a bakin kogin Anambra. Mutumin da a gida in ya yi magana gari ke motsi, ya zama sabon shiga, ƙarami cikin ƙanana, yana aikin ɗakin cin abinci da ɗinkin littattafai. Sai da ya yi fiye da shekara biyu a matsayin ɗan rakiya kafin a karɓe shi cikin masu koyo, aka ba shi suna Cyprian. Ran 8 ga Disamba 1956 ya ɗauki alkawarin zama a cikinsu har mutuwa.

Wanda ya bar garinsu yana da daraja ya je inda ba wanda ya san ubansa, ya san irin wannan zama. Bambancin kawai shi ne ɗan ci-rani yana da ranar komawa, yana kuma da 'yan'uwa a zango da zai yi hira da su da dare. Tansi ba shi da ko ɗaya. Turawan da ya zauna da su ba su san girman aikin da ya bari a gida ba, shi kuwa bai faɗa musu ba. Abin da suka shaida kawai shi ne mutum ne mai haƙuri, mara ƙorafi, mai yawan addu'a. Ga dukkan alamu wannan ne ya fi kwaɓa laka wuya a gare shi.

Nijeriya ta sami mulkin kai cikin 1960 yana can. Da lokacin kafa sabon gidan ya yi, cikin 1963, sai aka sauya shawara, aka ce a yankin Bamenda na ƙasar Kamaru za a kafa shi, ba a Nijeriya ba. Abin da ya bar gida dominsa ke nan, aka kai wata ƙasa. Bai ja da maganar ba. Aka zaɓe shi ya zama mai horar da sababbin shiga a can, amma jiki ya riga ya ƙi, 'yan ayarin farko suka tafi suka bar shi. Cikin Janairu 1964 ciwo ya tsananta, aka kai shi babban asibitin Lesta, babbar jijiyar jini ta fashe masa, ya rasu yana da shekara 60. Bai sake ganin Aguleri ba. Cikin waɗanda suka halarci jana'izarsa akwai Fada Arinze, wanda a lokacin yake karatu a Landan.

Bayan fiye da shekara ashirin aka tono ƙasusuwansa aka kawo Anacha aka sake binnewa. Cikin watan Maris 1998, zamanin mulkin Janar Sani Abacha, Paparoma John Paul na Biyu ya zo Nijeriya karo na biyu, bayan zuwansa na 1982 da ya kai shi har Kaduna. Ran 22 ga watan, a gaban ɗimbin jama'a a Oba kusa da Anacha, ya sanya Tansi cikin waɗanda Katolika ke kira masu albarka, matakin da ke gab da na waliyyai a wurinsu. Shi ne ɗan Nijeriya na farko da ya kai wannan matsayi. A ziyarar ce kuma Paparoman ya gana da shugabannin Musulmi a Abuja, ya kuma miƙa wa gwamnati sunayen fursunonin siyasa wajen 60 yana roƙon a sake su.