José Nepomuceno: mai ɗaukar hoton da ya zama uban silimar Filifin

A ƙasar Filifin, duk wanda zai ba da tarihin silima sai ya faro daga José Nepomuceno. An haife shi a birnin Manila ran 15 ga Mayu 1893, ƙasar tana hannun Turawan Sifaniya. Ya girma lokacin da Amurka ta karɓe mulkinta, kuma baƙi ne ke riƙe da harkar majigi.

Da ɗaukar hoto ya soma neman abinci, shi da ɗan'uwansa Jesús. A 1917 suka kafa kamfanin Malayan Movies da kayan aikin da ya saya a hannun Amurkawa. Ran 12 ga Satumba 1919 ya fito da Dalagang Bukid, wato budurwar ƙauye, wanda ake ɗauka a matsayin dogon fim na farko da ɗan ƙasar ya shirya kuma ya ba da umarni. Labarin wata mai tallar furanni ne da iyayenta ke son aurar da ita ga tsoho mai dukiya, alhali tana da saurayinta ɗalibi. An ɗauko shi daga wani wasan daɓe mai waƙoƙi da jama'a suka riga suka sani.

A wancan zamani fim ba ya magana. Don haka tauraruwar, Atang de la Rama, takan zo gidan silimar da kanta ta rera waƙar ana cikin nunawa. Ƴan kallo suka ga irin fuskokinsu da tufafinsu a allon da suka saba ganin baƙi.

Gobara ta cinye masa wurin aiki, bai karaya ba. A 1930 ya mayar da Noli Me Tángere, littafin José Rizal da ya fallasa zaluncin mulkin Sifaniya, zuwa fim. A 1933 ya fitar da Punyal na Guinto, cikin finafinan farko masu magana da harshen Tagalog.

Ya rasu ran 1 ga Disamba 1959. Abin takaici, Dalagang Bukid ya ɓace tare da kusan duk finafinan ƙasar na wancan zamani: gobara da Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya rugurguza Manila a 1945, sun yi musu ta'adi. Duk da haka, daga ranar fitowar wannan fim gwamnati ta ƙirga shekara 100 na silimar ƙasar, aka yi bikin a 2019.