Richard Muhlfeld, Mabushin Fadar Meiningen Da Ya Hana Brahms Yin Murabus

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon 'yan badujala na soja ko na 'yan sanda ya ga wani baƙin abin busa, dogo siriri, mai maɓallai farare. Sunansa kilarinet. Ya ɗan yi kama da algaita, sai dai ƙwaya ɗaya ce ta kara ake ɗaurawa a bakinsa, kuma muryarsa ta fi taushi nesa. Cikin waɗanda suka yi suna da busa shi a ƙasar Turai, da wuya a sami wanda ya kai Richard Muhlfeld, mutumin Jamus.

An haife shi ran 28 ga Fabrairu, 1856, a garin Salzungen. Ubansa shi ne shugaban makaɗan garin, saboda haka gado ya yi. A 1873, yana da shekara 17, ya sami aiki cikin makaɗan fadar Meiningen, wata 'yar ƙaramar masarauta da ke tsakiyar Jamus. Amma fa da gogen Turawa aka ɗauke shi. Busa kuwa shi ya koya wa kansa, kuma kafin shekarar 1880 ya zama babban mabushin kilarinet na fadar.

Sarkin Meiningen na lokacin, Georg na Biyu, mutum ne mai son wasan kwaikwayo da kiɗa. Ya ɗauko Hans von Bulow ya shugabanci makaɗansa daga 1880 zuwa 1885, shi kuwa ya hore su har suka gagari na manyan birane. Daga 1884 zuwa 1896 kuma Muhlfeld ne ke jan masu kilarinet a bikin kiɗan Wagner da ake yi a Bayreuth. Duk da haka, da a nan labarin ya tsaya, da tuni an manta da shi.

A al'adar Turawa, wani ne ke tsara kiɗa ya rubuta a takarda, wani dabam ya kaɗa ko ya busa. Mabushi komai gwanintarsa, in ba a rubuta masa abin kirki ba, ba shi da inda zai nuna ta. Akwai kuma wani fanni da suke kira kiɗan ɗaki, watau kiɗan mutum biyu zuwa biyar ko shida, inda kowa da tasa murya, ba mai ɓuya a bayan wani. A wannan fanni masu goge da piyano ne suka cinye kasuwa. Tun bayan Mozart da Weber, manyan masu tsara kiɗa ba su cika kula da kilarinet ba.

Shi kuwa Johannes Brahms, wanda a zamanin ake ganin ya fi kowa a Jamus da Ostiriya, a ƙarshen 1890 ya shaida wa abokansa da mai buga masa takardu cewa ya gama, zai ajiye alƙalami. Shekarunsa 57. A watan Maris na 1891 ya kai ziyara Meiningen, ya ji Muhlfeld yana busa kiɗan Weber da na Mozart. Tsohon nan ya zauna sa'o'i yana sa shi ya yi ta busawa, yana nazarin inda muryar abin ke da daɗi da inda take shaƙewa. Da bazara ta yi ya tafi Ischl, inda ya saba hutawa, ya rubuta kiɗa biyu: ɗaya na mutum uku, ɗaya na mutum biyar, watau kilarinet da masu goge huɗu.

An fara jin su a fadar Meiningen ran 24 ga Nuwamba, 1891, sa'an nan a bainar jama'a a Balin ran 12 ga Disamba. Abin da ya ba mutane mamaki a Balin shi ne Joseph Joachim, sarkin gogen Jamus, wanda ba ya shigar da mai busa cikin wasannin ƙungiyarsa ta mutum huɗu, ran nan ya zaunar da mabushin ƙaramar fada a tsakiyarsu. A 1892 aka kai kiɗan Landan, can ma ya karɓu.

Brahms bai tsaya nan ba. A 1894 ya ƙara rubuta masa wasu biyu na kilarinet da piyano, suka riƙa zagaya garuruwa tare, Brahms na kaɗa piyano, Muhlfeld na busa. Su ne kiɗan ɗaki na ƙarshe da Brahms ya tsara kafin ya mutu a 1897. Mutum ne mai kaifin baki wanda ba ya yabon kowa da arha, amma wannan mabushi har sunan wasa ya sa masa, yana kwatanta busarsa da muryar budurwa.

Ba kowa ya yarda ba. Wasu mabusan Ingila sun ce yatsunsa ba su fi nasu sauri ba. Mai yiwuwa gaskiyarsu ce, to amma ba sauri Brahms ya ji ba. Waɗanda suka saurare shi sun ce yana jan murya kamar mai goge, kuma ba abin mamaki ba ne ga mutumin da da goge ya fara cin abinci.

Da ƙofa ta buɗe sai wasu suka biyo. Carl Reinecke da Gustav Jenner sun rubuta masa kiɗa. Charles Stanford, malamin kiɗa a Landan, ya tsara masa wani babba a 1902, amma Muhlfeld bai busa shi ba, Stanford ya soke sunansa daga kan takardar, wani Bature ɗan Ingila, Charles Draper, ya fara busa shi a 1903. Shi wannan Stanford ne ya taɓa cewa bayan na Brahms ba wanda zai iya tsara kiɗan kilarinet na mutum biyar ba tare da ya kwaikwaye shi ba. Wani ɗalibinsa, Samuel Coleridge-Taylor, wanda ubansa likita ne ɗan Saliyo, ya ɗauki maganar a matsayin ƙalubale, ya rubuta nasa a 1895, malamin ya yarda an ka da shi.

Duk da sunan da ya yi, Muhlfeld bai bar aikin fadar Meiningen ba. A can ya mutu ran 1 ga Yuni, 1907, yana da shekara 51. Ba a ɗauki busarsa a faifai ba ko sau ɗaya. Kilarinet ɗinsa na katako, ƙirar Ottensteiner na Munich, suna ajiye a gidan tarihi na Meiningen.