Tarihin Nana Asma'u, Uwar Jajoji

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai. Bayan haka, ku sani ya 'yan'uwa, an haifi Nana Asma'u ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Ɗegel wajen shekarar 1793. Ta yi karatu a gidan mahaifinta, ta san Larabci da Fulatanci da Hausa, ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello wanda kabarinsa ke Wurno.

Da jihadi ya lafa, ƙauyuka suka cika da matan da ba su san farillan alwala ba, bori kuwa bai mutu ba. Matar aure ba ta iya barin ɗakinta ta tafi neman ilmi. Sai Nana ta zaɓi dattijai mata masu hankali da amana, ta zaunar da su gabanta, ta karantar da su tauhidi da hukuncin salla cikin waƙoƙi, domin waƙa ta fi zama a ka. Wadda ta ƙware, sai ta naɗa ta jaji, ta aza mata malfa da jan rawani. Malfar nan irin ta Innar Gobir ce, shugabar bori. Ku dubi hikima, an bar wa mata alamar da suka sani, an sauya abin da ke ƙarƙashinta. Jaji kan jagoranci 'yan taru, tsofaffi da 'yan mata, zuwa wurin Nana, su komo su koyar da na gida. A ganina, malamin da ke sakin almajiri ya buɗe makaranta ba jarrabawa ya bar wannan tafarki.

Ta rasu a 1864, aka rufe ta a Hubbaren Shehu a Sakkwato, Allah Ya jiƙan ta. Ƙanwarta Maryam ta ɗauki aikin.