Tuna Baya: Kwame Nkrumah Da Cutar Da Ta Yi Ajalinsa

Ranar 27 ga watan Afrilu, 1972, Dakta Kwame Nkrumah ya rasu a wani asibiti da ke Bukares, babban birnin Romaniya, yana da shekara 62. Sankarar furosteti ce ta yi ajalinsa, wato cutar daji da ke kama wani ɗan ƙulli da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji.

An haife shi a Nkroful a 1909. Ya yi karatu a Achimota, sannan ya wuce Amurka da Ingila. Ya dawo gida a 1947, ya kafa jam'iyyar CPP a 1949. Yana kurkukun James Fort mutanen Accra suka zaɓe shi a 1951, kuma a hannunsa Ghana ta samu 'yancin kai ranar 6 ga Maris, 1957.

Mu 'yan Zango ba duka zuma muka sha a mulkinsa ba. Dattawanmu ba su manta yadda gwamnatinsa ta kori Alhaji Amadu Baba na Kumasi zuwa Nijeriya a 1957 ba. Amma kuma a zamaninsa aka gina madatsar ruwa ta Akosombo, aka kuma fara horar da likitoci a Korle Bu, asibitin da marasa lafiyarmu na Nima da Maamobi ke dogaro da shi har yau.

Sojoji sun hamɓarar da shi ranar 24 ga Fabrairu, 1966, yana kan hanyarsa ta zuwa Hanoi. Sekou Toure ya ba shi mafaka a Konakiri, inda ciwo ya ci ƙarfinsa, har aka kai shi Romaniya a 1971. An binne shi a Nkroful, kafin a maido da gawarsa Accra a 1992.

A shekarar da aka kifar da shi ne likitan nan na Amurka, Charles Huggins, ya samu kyautar Nobel, saboda ya gano cewa rage sinadarin mazakuta a jiki yana kwantar da wannan sankara. Matsalar ita ce sau da yawa takan sake tasowa. A 2005 masu bincike a Jami'ar York ta Ingila suka ware wasu 'yan tsirarun ƙwayoyin asali a cikin ƙarin, waɗanda ake ganin su ne saiwar cutar: magani ya sare reshe, su kuma su sake toho. Neman maganin da zai tumɓuke su yana matakin bincike tukuna.

Kafin nan, makaminmu shi ne gano ta da wuri, musamman da yake ta fi kama maza baƙar fata. Duk magidancin da ya haura shekara 45 ya nemi likita a kan gwajin jini na PSA. Wanda fitsari ke masa gardama, ko yake yawan tashi cikin dare, kada kunya ta hana shi magana, domin mai ɓoye ciwonsa, ciwon ne zai tona shi.