Nabiye, marayan da ya koya wa magina auna gada kafin a gina ta

Buhun albasa ko na wake da ya tashi daga ƙauye da wuya ya kai kasuwar birni bai ƙetare gada ba. Kamiyo zai hau da kaya maƙil, gada ta ɗauke shi ba ta ce uffan ba. To ƙaƙa aka san nauyin da za ta iya ɗauka tun ba a gina ta ba? Yau mun kawo muku tarihin ɗaya daga cikin mutanen da suka buɗe wannan hanya, injiniyan ƙasar Faransa Claude-Louis Navier, wanda ake faɗin sunansa Nabiye.

An haife shi a garin Dijon cikin watan Fabrairu na shekara ta 1785. Yana da shekara 8 mahaifinsa ya rasu. Sai wani dattijo daga dangin uwarsa, Emiland Gauthey, babban injiniyan hanyoyi da gadoji, ya ɗauke shi riƙo. A 1802 yaron ya shiga babbar makarantar Politeknik ta birnin Paris, a 1804 ya wuce makarantar hanyoyi da gadoji, ya fito a 1806. Da mariƙinsa ya rasu, shi ya tattara rubuce-rubucensa a kan ginin gada ya sa aka buga su.

A wancan zamani yawancin magina da ido da sabo suke aiki. In suna shakka, sai su ƙara dutse, kuɗi su tafi. Nabiye ya ce a yi lissafi tukuna. Ku dubi sandar ɗan ga-ruwa: in ya rataya garwa biyu takan lanƙwashe kaɗan, in ya sauke ta miƙe. Ranar da kaya suka fi ƙarfinta, ba ta ƙara miƙewa, daga nan sai karaya. Masana na da suna neman sanin nauyin da ke karya ƙarfe ko katako. Shi kuwa ya nuna yadda za a lissafa iyakar da abu ke lanƙwashewa ya koma daidai, domin a tsaya ƙasa da ita. Ya buga wannan darasi cikin littafi a 1826.

Gwamnati ta aike shi Ingila ya ga gadojin da ake ratayawa da sarƙoƙin ƙarfe, ya rubuta rahoto a kansu a 1823. Sa'annan aka ba shi aikin irin wannan gada bisa kogin Sen, a tsakiyar Paris, tsawonta wajen mita 155 babu ginshiƙi ko ɗaya cikin ruwa. An fara aiki a 1824.

Aiki ya kusa ƙarewa sai matsala ta ɓullo. Ginin da ke riƙe bakin sarƙoƙin cikin ƙasa ya soma tsagewa. Cikin watan Satumba na 1826 wani bututun ruwan birni ya fashe kusa da wurin, ƙasa ta jiƙe, ginin ya gusa. Gadar ba ta faɗi ba, kuma gyara na yiwuwa, amma hukumomin birnin, waɗanda dama ba su son ta, suka tsaya sai an rushe. Haka aka kwance ta ba a taɓa buɗe wa jama'a ita ba. Aka riƙa yi masa gori cewa ya dogara da alƙalami fiye da kima.

Inda aka samu tangarɗa shi ne bai bar rara mai yawa ba a wurin da ƙarfe ya haɗu da ƙasa. Ƴar kasuwa ta san wannan: wadda ta ƙidaya jari da riba daidai wa daida, ba ta ware komi domin ruwan sama ko ɓarnar hanya ba, rana ɗaya ke tayar mata da hankali.

Wannan abin kunya bai hana shi aiki ba. Ya ci gaba da koyarwa a makarantun nan biyu da suka yaye shi, har ya rasu a Paris cikin watan Agusta na 1836, yana da shekara 51. Da aka gina hasumiyar Eiffel a 1889, an rubuta sunansa cikin sunayen masana 72 da ke jikinta.

Yau injiniya na zana gada cikin kwamfuta. Na'urar na yanka zanen gunduwa-gunduwa har dubbai, ta lissafa nauyin da ke kan kowane yanki, ta nuna inda zai fara gajiya. Tushen wannan lissafi yana cikin darasin Nabiye. Har wa yau, lissafin gudun ruwa da ya fitar a 1822 shi ake ba kwamfuta domin a san yadda ambaliya za ta bugi ginshiƙai. An kuma ɗauki darasin gadar da aka rushe: ana binciken ƙasa kafin a haƙa tushe, ana ƙara rara bisa abin da lissafi ya bayar.

Saboda haka, ƴan kasuwa maza da mata, in kun ga allo a bakin gada an rubuta yawan tan, ku sani lissafi ne ya ba da wannan lamba. Rarar da aka bari ta ranar ambaliya ce da tsufan ƙarfe. Kada mu matsa wa direba ya cinye ta da ƙarin buhu goma. Allah ya kai mu kasuwa lafiya, ya maido mu gida lafiya.